Minti Arba'in Ɗin Da Aka Yanke

Shafi na 19

Da sunan Allah nake farawa. Ku yi haƙuri da shirun kwana uku, 'yar ƙaramata ce ke fitar da haƙori, wadda ta sani ta sani. Masu tambaya ko shafin nan zai karantu a gidan da akwai yara: zai karantu, sau biyu na bi shi. Amma dai kowacce ta riƙe wayarta a hannunta.

*

Tun ba a kunna fim ɗin ba Ruqayya ta san ta shiga uku.

Ba hoton ne ya gaya mata ba. Wata 'yar lamba ce a ƙasan talabijin, can gefe: awa biyu da minti biyar.

Ta ƙifta ido ta sake dubawa. Lambar na nan yadda take.

Fim ɗin nan da ta kalla a sinimar Jidda awa ɗaya ne da minti ashirin da biyar. Da jan biro ta rubuta, ga littafin ma a kan cinyarta. To daga ina minti arba'in suka fito? Kuma me ke cikinsu da har mutanen sinima suka ga gara a cire?

Shekara huɗu ke nan duk dangin mijinta ba mai kunna fim sai ya leƙa guruf ɗin dangi a waya ya ga abin da Ruqayya ta ce. Ita ta ɗora wa kanta aikin tun 'yarta Asma na koyon magana. Takan kalli abu ita kaɗai tana guga, biro a bayan kunne, ta rubuta: minti sha huɗu zuwa sha shida a tsallake, minti hamsin a rage murya, akwai zagi. Har matan unguwar Shisha da ba su san fuskarta ba suna tura wa juna hoton shafukanta. Ƙa'idarta ɗaya ce: ba ta sa hannu a kan abin da ba ta gani a talabijin ɗin gida ba.

Sau ɗaya tak ta karya. Ranar da mijinta Tijjani ya kai ta Jidda, ta fito zuciyarta fes, tun a mota ta rubuta a guruf: *Fim ɗin likita tsaf yake. Ba abin tsallakewa ko ɗaya.*

Shi kuwa Umma ta zaɓa yau.

Ƙofar ɗakin Umma a buɗe take, kuma da gangan aka bar ta. Daga inda Ruqayya ke zaune tana hango ƙaramin gadon da aka sayo, ko ledar katifar ba a gama cirewa ba. Wata biyu ke nan surukar tata ta ce za ta ɗauki Asma riƙo, yarinya ta dawo nan unguwar Ka'akiyya da zama, wai gidansu na unguwar Rusaifa kallo ya yi masa yawa, 'yar shekara shida ba za ta tashi a gaban allo ba. Tijjani bai iya ce wa uwarsa a'a ba. Iyakar abin da ya samo bayan doguwar lallaɓa shi ne sharaɗi: Umma za ta ga irin abin da ake kallo a gidan da idonta. In ta ga tsabta, ta bar musu 'yarsu. In ta ga akasin haka, Asabar da safe a kawo jakar yarinya.

Yau Juma'a.

An ci shinkafa an kwashe faranti. Asma na ƙasa wurin Hauwa maƙwabciya, Ruqayya da kanta ta kai ta ta ja ƙofa, don ko fim mai tsabta ne, in dai na manya ne, ba ta yarda yarinya ta ji ko kiɗansa. Saura manya a falo: Umma a kujerarta da carbi, Kawu Mukhtaru yayan Umma da aka gayyato ya zama shaida duk da kunnensa ɗaya ya yi ritaya, Lujain autar gidan da ke jami'a, sai Tijjani da shinkafa ta fara ja masa ido.

"Yalla ya Abla, ki danna mana," in ji Lujain, da ke kiran Ruqayya Abla, wato yaya. "In ya ƙi, ki buga shi a gwiwa. Haka yake."

Da roba aka ɗaure bayan rimot ɗin gidan Umma. Ruqayya ta juya shi a hannu, ta ce ko dai a canza wani ne, akwai wani mai kyau na tarihi, dawakai ne kawai da takubba. Umma ba ta ko ɗago daga carbi ba ta ce ai wannan aka yaba a guruf, wannan za a gani.

Ta danna.

Rabin awar farko lafiya lau, duk abin da ta sani ne. Wata likitar ƙwaƙwalwa ce, ƙanwarta ta mutu a gobarar da har yau ba a gano wanda ya tayar ba. Sai ga wani mutum ya zo asibitinta, dogo mai sanyin murya, wai ya manta ko shi wane ne. Tana yi masa tambaya, yana juya tambayar kanta. Kiɗan kuwa a hankali yake shigowa, kamar famfo na ɗiga a gidan da ba kowa. Har Kawu ya gyara zama. Ruqayya ta fara lallashin zuciyarta: wataƙila minti arba'in ɗin nan sunaye ne a ƙarshe. Turawa akwai yawan ma'aikata.

Sai aka zo lifta.

A Jidda, ta tuna sarai, likita da mutumin sun shiga lifta, ƙofa ta rufe, sai gari ya waye likita na shan kofi a baranda. Har ta yaba a littafi: *ba sa ɓata lokaci.*

A Ka'akiyya ƙofa ta rufe da mai kyamara a ciki.

Ta danna tsallake. Rimot ya yi kamar ba da shi ake ba. Ta buga shi a gwiwa ta sake dannawa, ya tsallaka daƙiƙa goma, sai ga takalmi ɗaya a ƙasa. Ta ƙara goma: takalma huɗu, da agogo. Ta danne da ƙarfi, yatsanta ya zame ya hau kan murya.

Abin da ya fito daga sifikar Umma, wadda ba ta taɓa ɗaukar abin da ya wuce karatu da labarai ba, ba zai rubutu a nan ba.

Ruqayya ba ta san sanda ta miƙe ba. Ta dai tsinci kanta a gaban talabijin, hannuwa a ware, abayarta a baje kamar kazar da ta hango shaho. Inci sittin da biyar ne talabijin ɗin, Tijjani ya sayo da Sallah don uwarsa ta daina ƙanƙance ido. Ruqayya kuwa ba ta kai haka faɗi ba. Ta gefen dama wata ƙafa na leƙowa.

Lujain ce ta rarrafa ta zare wayar talabijin daga bango.



Kawu Mukhtaru ya juyo da kunnensa mai aiki.

"An ɗauke wuta ne?"

Ya jinjina kai, ya ce shi dai shekararsa saba'in da uku yana zuwa asibiti a garin nan, bai taɓa ganin irin wannan awon ba.

Lujain ta cusa gyale a baki ta yi banɗaki da gudu. Aka ji ta kunna famfo.

Umma ba ta ɗaga murya ba. Da ma ta ɗaga. Ta ja carbi ɗaya, biyu, uku, sannan ta dubi bango, don ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta ma cika kallonsa in tana yi masa magana ba.

"Kai. Gobe a haɗo har da kayan makarantarta."

Barci ya riga ya gudu daga idon Tijjani. Ya sunkuyar da kai.

"To, Umma."

Wannan "to" ɗin ya fi duk abin da ya fito daga sifika dukan Ruqayya. Ta zube a gwiwa gaban surukarta. Ta rantse wallahi ba wannan ta kalla ba. Ta yi bayanin sinima, yadda suke yankewa kafin su nuna, yadda na talabijin ke zuwa da komai nasa. Ta amsa laifinta na karya ƙa'ida, ta ce ganganci ne, amma ba ta taɓa sanin akwai abu a cikin liftar nan ba bayan maɓallai.

"Baban Asma, ai tare muka kalla. Gaya mata."

Tijjani ya shafa ƙeya. Ya ce gaskiya ya ga farko, ya ga asibitin. Daga nan kuma sanyin wurin ya yi daɗi, kujerar ma irin mai kwantawa ce, shi dai abin da ya sani an kunna fitilu tana ja masa hannun riga.

Umma ta ce to ga shi nan, shaidar ma barci ya yi.

Abu ɗaya ya rage wa Ruqayya. Ta buɗe littafin, ta nemo shafin. Ta ce Umma ta saurara ta ji abin da ta rubuta tun ranar, ta gani ko rubutun wadda ta ga ɓarna ne.

"Abin yabo. Kiɗan ya iya tsorata mutum ba tare da an nuna jini ba. Matar ta iya wasa da ido, ko ba ta yi magana ba ana gane tsoronta. Wurin matakala na riƙe numfashi har na ji jiri." Ta juya shafi. "Abin gyara. Gidanta duk gilashi ne ba labule ko ɗaya, mace kuma mai jin ana bin ta. Ba ta kulle ƙofa. Mijinta kamar kujera, ana shiga ana fita yana karatun jarida. Babban aibi kuma, labarin ya karye a tsakiya. Jiya tana yi wa mutumin murmushi, yau ta sayo igiya tana neman ransa, ba a gaya mana dalili ba. Marubucin ya yi lalaci."

Ta ɗago ido.

"Kin gani, Umma, da na ga wuraren da aka yanke ai ba zan…"

"Wane irin ba dalili?"

Umma ce, ta miƙe zaune, carbi a dunƙule.

"Tabon ƙunar da ke gadon bayansa fa? Da ta gani ta madubi a otel, yana barci? Mutum ya rantse bai taɓa zuwa garinsu ba, sai ga shatin ƙarfen tagar gidansu kwance a bayansa. Wannan ne ba dalili ba? Bawan Allah ya zauna ya ƙulla abinsa, ke kin zo da jan biro kina cewa ya yi lala…"

Ta tsaya.

Ruqayya ma ta tsaya.

A Jidda ba otel. Ba madubi, ba tabo. A nan kuma a minti talatin da ɗaya aka zare waya, ko daga lifta ba a fita ba.

Ta saci kallon falon. Tijjani kansa a ƙasa yana ƙirga zanen kafet, shi da bai san abin da ke cikin fim ɗin ba balle abin da babu. Kawu, maganar ta faɗa kunnen da ya yi ritaya. Lujain, famfo na ta zuba. Mutum biyu ne kaɗai a gidan suka san abin da ya faru, kuma suna kallon juna.

A hankali Ruqayya ta rufe littafin.

"Umma, bari in sake shayi. Ko za ki nuna min inda na'ana'a yake?"

Shekara bakwai Ruqayya tana tsinkar na'ana'an nan a tagar kicin.

Umma ta miƙe.

*

Ruqayya ta tura ƙofar kicin, ta ɗora buta a wuta, ta jera ƙananan kofuna a faranti. Ba ta ce uffan ba. Abin da ta koya wurin Asma ne: in yaro ya yi ɓarna, ki yi shiru, shi zai kawo kansa.

Umma ta fara da cewa Hauwa ce ta ba ta labari. Ruqayya ta ce Allah sarki, Hauwa da ba ta kallon komai sai masu girki. Umma ta ce a'a, ta tuna, wani malami ne ya yi gargaɗi a kai a wa'azi. Ruqayya ta tambaya cikin ladabi ko malamin ya kai har wurin madubi.

Umma ta ja 'yar kujerar yankan albasa ta zauna.

"Bincike na yi."

Ta ce tun ranar da ta ga saƙon a guruf ranta bai kwanta ba, don hoton da ke jikin fim ɗin kafaɗar mace a waje take. Talata bayan azahar, gida ba kowa, ta ɗauko allon nan mai kama da babbar waya da Lujain ta saita mata don sauraren karatu, ta nemo shi. Tana isa lifta ta san ta samu abin da take nema.

"Lifta a minti talatin take, Umma. Otel fa?"

"Saba'in da takwas."

Kafin ta kama bakinta ya riga ya fita. Ta juya ta harari tukunyar gas kamar ita ta faɗa.

"To in tashi in bar shi yana yawo? Mutum ya ƙona yarinya. Ai sai na ga ko za a kama shi." Ta gyara mayafi. "Kuma ba kallo na yi ba. Duk inda suka fara iskancinsu sai in ɗora murfin tukunya a kan allon, in bar rubutun Larabcin da ke ƙasa kawai."

"To ta yaya kika ga tabon?"

"Murfin ƙarami ne."

Ruqayya ta juya baya ta hau wanke kofin da ta riga ta wanke. Kafaɗunta ne kawai ke motsi.

Da Umma ta ga asiri ya gama tonuwa, sai bakinta ya buɗe. Ashe kwana uku ke nan maganar na cin ta ba wanda za ta gaya wa. Ta ce wurare huɗu ne na rashin kunya a fim ɗin, ta ƙirga. Uku daga ciki ba su da aikin komai, ruwa ne aka ƙara wa miya don ta ishi baƙi. A cire su ba abin da zai ragu sai zunubi. Amma na otel ɗin nan, a kansa ginin ya tsaya. Mutanen sinima sun zo da gatari sun sare har da ginshiƙi, shi ya sa Ruqayya ta ga rufi a ƙasa ta ce magini ne bai iya ba. Shi ma mai fim ɗin da laifinsa: wa ya ce masa sai a gado ake ganin bayan mutum? Ba ga bakin ruwa ba? Ba ga asibiti ba, ita da take likita, ta ce cire riga in auna ka?

Ruqayya ta ce wallahi gaskiya ne, da haka ya yi da kowa ya huta.

Umma ta ce maganar miji kuma ta yarda, kujera ma ta fi shi, kujera ai in an zauna mata tana ƙara. Amma labule kuwa Ruqayya ba ta gane ba: da gangan aka hana ta labule, don mai kallo ya riƙa jin shi ne ke leƙen ta. Ruqayya ta ce ko ma don me ne, ita mace mai hankali ko zanin gado ta rataya. Umma ta ce mace mai hankali ai ba ta shiga liftar ba tun farko. Suka haɗu a kan cewa wurin matakala ba na biyunsa, inda fitila ke mutuwa hawa-hawa ana jin takunsa bai sauya ba. Umma har da dafe ƙirji.

Buta ta fara kuka.

Sai a nan Ruqayya ta tuna da wa take hira. Matar nan gobe da safe za ta raba ta da 'yarta.

Ta kashe wuta.

"Kin san abin da ke ciki kika zaɓe shi, Umma. Har kika kira Kawu."

Umma ba ta musa ba. Ta daɗe tana murza ganyen na'ana'a tsakanin yatsunta. Da ta yi magana, muryar ba irin ta falo ba ce. Ta ce daga Asabar zuwa Alhamis ba mai cewa Umma a gidan nan. Lujain ta fita bakwai, ta dawo da abu a kunne, in ta yi mata Hausa ta amsa da Larabci. Tun da Alhaji ya rasu gwangwani ɗaya take aunawa, shi ma sai ya kwana. Wani lokaci takan kunna allon ne ba don kallo ba, don dai a ji ana magana a ɗakin.

Ruqayya ta tausaya mata. Amma tausayi daban, 'ya daban.

"Asma ba ta iya barci sai ta riƙe kunnena, Umma. In ta yi mafarki ni take kira. Ba zan iya ba."

Ruqayya ta ɗauki buta ta fara zuba ruwa, ta ci gaba.

"Amma Talata da Alhamis in ta taso makaranta zan kawo ta. Mu wuni nan har magariba. Ki koya mata tuwo, ki ba ta labarin yadda kakanninta suka biyo ta Sudan da ƙafa. Ta kwana a gidansu."

"Da Asabar."

"Asabar ɗaya a wata."

"Biyu."

"To, biyu."

Umma ta kalli ƙofa, ta rage murya.

"Maganar otel fa?"

"Wane otel?"

A karo na farko a shekara bakwai Umma ta dubi matar ɗanta kamar yau ta fara ganinta. Ta miƙe, ta karɓi farantin da kanta, ta ce bari ta je ta san yadda za ta juya maganar a gaban Yaya Mukhtaru ba tare da an ce ta yi amai ta lashe ba.

Sai muryar Tijjani daga falo.

"Umma. Ku ɗan zo ku ga wani abu."

*

Ya mayar da wayar talabijin.

Tijjani gyaran waya yake yi a shagonsa na Rusaifa, kuma irin mutanen nan ne da in abu ya ba su kunya sai su nemi abin gyarawa. Ya ce so ya yi ya goge fim ɗin gaba ɗaya, kada wani ya sake yin tuntuɓe da shi. Shi ne ya shiga can ciki, inda ake ajiye jerin duk abin da aka kalla.

Ga shi nan a inci sittin da biyar, ba abayar da ta tare.

A sama, sunan da Lujain ta saita: *Umm Tijjani.* A ƙasa, fim ɗin likita, jan layinsa ya cika har ƙarshe. Talata. Ƙarƙashinsa kuma fim ɗin likita, jan layi har ƙarshe. Laraba.

Ruqayya ta ɗan karkata kai ba tare da ta motsa leɓe ba.

"Laraba?"

"Ban gane ƙarshen ba," in ji Umma ta gefen baki.

Tijjani ya ce abu biyu ne. Ko dai wani ya sace musu lambar sirri, ko kuma wani a gidan nan yana fakewa da sunan tsohuwa yana kallon ƙazanta. Ya juya a hankali ya dubi Lujain, wadda fitowarta ke nan daga banɗaki ido jajir don dariya. Dariyar ta ɗauke. Ta hau rantsuwa da Larabci, ta dawo Hausa, Hausar ta ƙare mata ta koma Larabci. Ya miƙa hannu ya ce ta kawo wayarta, kuma daga yau shi zai riƙa kai ta jami'a yana ɗauko ta.

Kawu ya tambaya ko wutar ce ta dawo.

Umma ta tsaya cak da farantin a hannu. Ta ajiye shi. Ta ƙarƙashin mayafi Ruqayya ta ji yatsu sun kama wuyan hannunta, riƙo irin na wanda ruwa ya ci.

Ruqayya ta dubi Lujain da ke shirin kuka a kan laifin da ba nata ba. Ta dubi ƙaramin gadon ta ƙofar da aka bari a buɗe. Ta san abin da zai biyo baya in ta buɗe baki: shekara huɗu na jan biro, matan Shisha, guruf, duk sun tafi. Za a ce ta sani sarai ta bari aka kunna a gaban Kawu.

Ta sunkuya kamar tana gyara wa Umma mayafi.

"Asma tana wurina har ta gama firamare?"

"Har ta yi aure."

"Gadon fa?"

"Ku tafi da shi yau."

Ruqayya ta miƙe tsaye.

"Ni ce, Baban Asma. Ka ƙyale Lujain."

Ta ce daga Rusaifa ta shiga da sunan Umma, wai ta sake duba shi kafin Juma'a. Ta ga abin da ke ciki, kunya ta hana ta janye maganarta a guruf, ta ɗauka rimot zai cece ta.

Kafin Tijjani ya rufe bakinsa Umma ta karɓe. Ta ce to, alhamdu lillahi, yarinya ta faɗi gaskiya, kuma mai faɗin gaskiya a gaban surukai ba a raba ta da 'yarta. Ɗan Adam ajizi ne, waye ba ya kuskure. Maganar jaka an bar ta. A sha shayi kafin ya huce.

Lujain ta kalli uwarta kamar an canza mata ita a kicin. Kawu ya karɓi kofinsa ya ce madalla, shi dai bai gane shari'ar ba amma ya ga an yi sulhu.

Ruqayya ta sauke numfashin da ta riƙe tun minti na ɗaya. Har ta fara lissafin ko gadon zai shiga bayan mota.

Tijjani bai karɓi shayi ba. Idonsa na kan talabijin.

"Talata," ya ce. "Ƙarfe biyu saura kwata."

Ya juyo ya dubi matarsa.

"Ruqayya, Talata ƙarfe biyu saura kwata ina riƙe da jakarki a wurin likitan haƙori. Ke kina riƙe da Asma. Wayarki na cikin jakar."

Yatsun Umma suka sake nemo wuyan hannunta.

"Ba komai," in ji Tijjani, a hankali, irin muryar da yake yi in ya gano inda waya ta lalace. "In an shiga shafi na gaba yana nuna na'urar da aka kalla da ita."

Ya danna.

Rimot ya ƙi.

Ya sake dannawa. Ya ƙi.

Ya juya shi, ya duba robar da ke bayansa. Sannan ya ɗaga shi sama, ya saita gwiwarsa.